Na koma tuwon dawa da miyar kuka amma tumbi ya ƙi sauka: ƙasar noma ce ta gaji ko laifin zama ne?

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shagona yana Tudun Wadan Zariya, shekaruna sun haura arba'in da biyar. Bara ciwon kai ya matsa mini, na je asibiti, aka auna jinina aka samu 150 bisa 95. Sukari kuma likita ya ce bai kai a kira shi ciwo ba, amma yana bakin ƙofa. Aka ɗora ni a kan maganin hawan jini, kuma ina sha.

Tun daga lokacin na sallami burodi da shayin madara, na sallami lemon kwalba da taliyar leda. Uwargida, Allah ya saka mata, ta koma yi mana irin abincin da muka tashi da shi: koko da safe, da rana fate da yakuwa da rama ko ɗanwake ko kwaɗon zogale, da dare tuwon dawa miyar kuka ko kuɓewa busasshiya da daddawa. Dawar ma ba ta cikin gari ba ce, daga kasuwar Giwa nake sa a kawo mini kaura.

To ga inda gizo ke saƙar. Aikina awo ne, tef ɗin yana rataye a wuyana kullum, saboda haka ba wanda zai ruɗe ni. Ƙuguna inci 41 ne lokacin da na fara, yau ma 41 ne. Jinin yana sauka da magani, amma bai zauna yadda likita yake so ba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Manomi ne a wani ƙauye bayan Giwa. Tuwon da yake cinyewa a zama ɗaya ni da ƙanena ba ma iya gamawa da shi, amma cikinsa a shafe yake har ya rasu, ya haura tamanin, kuma da kekensa yake shigowa Zariya. Wani dattijo da nake wa ɗinki ya ce mini kada in wahalar da kaina, dawar yanzu ba dawa ba ce, takin zamani, kamfa da yuriya, ya kashe ƙasa, abin da ake girbewa ba albarka a cikinsa. Wani abokina kuma ya ce ƙasa ba ruwanta, zama ne ke cin jikina. Gaskiya kam ina zama. Daga hantsi har bayan isha'i ina kan keken ɗinki, keken ma na wuta ne yanzu, ba na takawa. Gida da shago a kan mashin nake zuwa.

Don Allah masu sani, wanne ne gaskiya? In ƙasar ce, ina zan samu hatsin da aka noma da takin gargajiya zalla? In zaman ne, me mutum irina zai yi, wanda in ya tashi daga kan keke abincin yara ya tsaya?

Tsohon Malamin Gona, Samaru:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Allah ya ƙara sauƙi. Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, saboda haka bari in ɗauki ɓangaren ƙasa, na jiki kuma in bar wa masu shi.

Dattijon nan ya faɗi rabin gaskiya. Ƙasarmu ta gaji, wannan ba musu. Tun asali ma ƙasar wannan yanki ba mai ƙarfi ba ce, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobin da ke riƙe mata danshi da abinci kaɗan ne a cikinta, ga rana tana ƙone shi da wuri. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke da dabarunsu. Bayan girbi a kira Fulani su sauka a gona da shanunsu, su ci kara su bar kashi. Da rani a yi ta jidar taki daga gida a mangala a kan jaki. A shuka dawa, a sa wake ko gyaɗa a tsakani. A bar gawo a tsakiyar gona, domin shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, kuma duk manomi ya san dawar gindin gawo ta fi ta ko'ina kyau. Gonar da ta gaji a bar ta ta yi saura.

Yanzu fa? Mu kwashe hatsi, mu kwashe kara mu yi danni ko girki, mu kwashe harawa mu sayar, abin da ya rage a cinna masa wuta. Gona ta zama rumbun da ake ɗiba ba a zubawa. Kamfa abu uku kawai yake mayarwa: nitrojin, fosfaras da fotasiyam. Yuriya kuwa nitrojin ne kaɗai, kashi 46 cikin ɗari. Amma shuka tana kuma buƙatar zinki da salfa da wasu ƙananan sinadarai, waɗanda takin shanu ke mayarwa, buhun kamfa na yau da kullum ba ya mayarwa.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A nan Samaru, inda aka fara binciken noma tun 1922, akwai filayen gwaji da aka kafa a 1950, wasu ana zuba musu takin shanu, wasu takin zamani, wasu a haɗa biyun, wasu a bar su haka. Abin da shekaru suka nuna shi ne filin da aka yi ta ɗura wa takin nitrojin shi kaɗai ƙasarsa ta yi tsami, wanda kuma ake haɗa masa da kashin shanu shi ya fi riƙe ƙarfinsa. Mu da muka yi aiki da manoma mun ga irin haka a gonakinsu tun bayan da masara ta mamaye yankin nan daga ƙarshen shekarun 1970, domin masara ta fi dawa cin taki nesa ba kusa ba.

To amma inda na rabu da dattijon: yuriya ba guba ba ce da ke shiga ƙwayar dawa. Saiwar shuka ba ta tambayar daga ina nitrojin ya fito, ko daga turken shanu ko daga buhu, da siffa ɗaya take shan sa. Abin da ƙasa ke iya ragewa a cikin hatsi shi ne waɗancan ƙananan sinadarai, musamman zinki da seleniyam da aidin. Wannan gaskiya ne, kuma ƙasashe sun ɗauki mataki a kai. Finland ta ga ƙasarta ba seleniyam, daga 1984 ta fara zuba shi cikin takin zamani, aka ga ya ƙaru a jinin mutanenta. Mu ma nan, masu shekaruna za su tuna yadda ake yawan ganin masu maƙoƙo a wasu garuruwa. Rashin aidin ne a ƙasa da ruwa. Da aka wajabta sa aidin a gishiri a 1993 abin ya ja baya ƙwarai.

Akwai ma wani abu da ya fi ba ni mamaki. A tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila suna noma alkama a fili ɗaya tun 1843, suna ajiye samfurin kowace shekara. Da aka auna, an ga zinki da sinadarin ƙarfe sun fara raguwa a ƙwayar daga tsakiyar shekarun 1960, daidai lokacin da aka kawo gajeren iri mai yawan yabanya. Kuma raguwar ta shafi har filin da ake zuba wa takin shanu. Ke nan wani lokaci irin ne, ba takin ba: ƙwaya ta ƙara gari, sinadarin da ke cikinta bai ƙaru tare da garin ba.

Abin da nake so ka riƙe, Malam Tela, shi ne duk wannan ba ya bayanin tumbinka. Rashin zinki a jikin yara yake fi nunawa, su ƙi girma, gudawa ta riƙa kayar da su. Amma sitacin da ke cikin dawa, wanda shi ne ke zama kitse in ba a ƙone shi ba, yana nan cif ko a gonar da ta fi kowace gajiya aka noma ta. Ko ka samo dawar da tun shukarta ba ta ga kamfa ba, inci 41 ɗinka ba zai motsa saboda haka ba. Kuma in ka shiga kasuwa kana cigiyar irin wannan dawa, za a samo maka ita nan take, daga buhun da kowa ke saye, a ƙara maka kuɗi.

Ɗan Ƙofar Mata:

Bazazzagi da fate ai sai Allah. Malam Tela, ka faɗa mana gaskiya, kwano nawa kake tashi da shi? Kada a ɗora wa ƙasa laifin cokali. Allah ya ba da lafiya dai, ni na zo wucewa ne.

Anti Nas, Sabon Gari:

Malam Tela sannu da jiki. Da farko, kada ka daina shan maganin nan don ka canza abinci, sai likitanka ya ce. Na ga mutane da yawa sun yi haka, ƙarshenta aka kawo su rabin jiki ya shanye.

Ka kwatanta kanka da Baba, amma kwanonsa kawai ka duba, ba ka duba yininsa ba. Mutumin da zai fita bayan asuba da garma, ya yi huɗa har rana ta take, ya dawo ya ba dabbobi ruwa, ranar kasuwa ya taka keke daga bayan Giwa zuwa Zariya ya koma, ai wannan tuwon kafin ya kwanta ya riga ya ci bashinsa. Kai kuwa ka ɗauko abincin manomi ka kawo wa mai zaman shago.

Ga yadda abin yake a jiki. Tuwo in ya narke sukari yake zama a jini, ko na dawa ne ko na shinkafa, sai dai na dawa mai dusa ya fi tafiya a hankali. Babban mai shanye wannan sukari shi ne naman jiki, musamman na cinya da ƙafa. In naman yana aiki, da kansa yake jan sukarin daga jini. In yana zaune, sai jiki ya yi ta fitar da insulin don ya tura shi, abin da ya yi saura ya zama kitse, kuma a wajen maza ciki ya fi tafiya. Kitsen ciki shi ne abokin tafiyar hawan jini da ciwon sukari.

An daɗe da gane wannan. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu. Direba yana zaune yini guda, kwandasta yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Kamfani ɗaya, gari ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ta sa numfashinka ya ɗan ɗaga amma kana iya magana, da kuma aikin ƙarfi kwana biyu a mako. Minti 150 ai rabin awa ne sau biyar. Ba sai ka sa gajeren wando ka fita gudu a titin Kongo mutane suna kallonka ba. Ka ajiye mashin a gida ka taka zuwa shago. In akwai masallacin da ya ɗan fi nisa, ka riƙa zuwa can la'asar. Bayan tuwon dare kada ka miƙe a tabarma, ka zaga unguwa minti goma ko sha biyar, domin a lokacin ne sukarin ke hawa. A shago, yanka da guga a tsaye ake yi, to ka daina tura wa yara su duka, ka rarraba su a cikin yini yadda ba za ka yi awa guda cur a zaune ba.

Tunda tef yana wuyanka, ga awon da ya fi sikeli amfani: ƙugunka, a daidai cibiya ko sama da ita kaɗan, kada ya kai rabin tsawonka. In tsawonka inci 68 ne, ƙugu ya tsaya ƙasa da 34.

Abu na ƙarshe, miyar. Ka ce da daddawa, amma ba ka ce ba dunƙule ba. Yawancin gidajenmu ana sa daddawa, a sa dunƙule uku ko huɗu, a ƙara gishiri, ga kanwa a kuka da ɗanwake. Dunƙule rabinsa ko fiye gishiri ne, kanwa ma sodiyam ce. Abin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin komai. Mai hawan jini ya fara leƙa nan kafin ya leƙa gona.

Inna ta Ƙofar Doka:

Jikata ce ke rubuta mini. Ɗana Tela, ina yi maka sannu. Abin da malamar asibiti ta faɗa haka yake, amma ni zan ƙara da na madafa.

Tuwon da muka yi wa mazajenmu da wanda ake yi yanzu suna ne kawai ɗaya. Mu ma muna surfe, kada wani ya ce maka da ba a cire dusa. Amma surfen turmi sama-sama yake ɗauka, garin yakan fito da duhunsa da ɗan kaushi. Yanzu inji ne zai surfe ya goge ƙwayar tas, wani injin ya niƙe ta luƙwi, a tankaɗe, tuwo ya fito sumul. Mai kyan, wato dusar, an ba awaki. Ka ce wa mai ɗakinka ta wanke dawar, ta tsince tsakuwa, ta shanya, a kai niƙa ba surfe, ko a yi rabi da rabi har yara su saba. Za ka ga malmala ɗaya ta riƙe ka inda da sai biyu.

Miyarmu kuma ba ta iyo a mai. Ɗan man shanu ne a kan tuwo in an samu. Nama sai ranar kasuwa ko suna. Ganye kuwa ba iyaka: tafasa, rama, ɗinkin, zogale, yaɗiya, karkashi, kowane da lokacinsa. Abin kwaɗayin yara ɗinya ce da kanya da magarya da goruba. Kokonmu sai gero ya kwana a ruwa, ƙullun ya yi tsami, ba ma zuba masa sukari kamar za a yi alewa. Ka duba naka kokon, cokali nawa ake sa maka?

Sannan ku maza in ana maganar motsa jiki kanku kawai kuke gani. Mu da muke cikin gida ba mu taɓa zuwa gona ba, amma daka da niƙa a dutse da jan guga a rijiya da faskare sun ishe mu. Ban ce a dawo da wahala ba, ni ma ba na kewar dutsen niƙa, ya cinye mini gwiwa. Amma matan yanzu na cikin gari, inji ya ɗauke daka, famfo ko 'yan garuwa sun ɗauke rijiya, ba abin da ya maye gurbinsu, ga ciwon sukari yana bin su ɗaya bayan ɗaya. In za ka fita zagayen bayan isha'in nan, ka tafi da ita.

Manomin Fadamar Galma:

Baba Malamin Gona, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa a kan taki gaskiya ne, amma ka san ba rashin sani ke hana mu ba. Fulanin da za su sauka a gona ina suke? Yadda zaman ya lalace yanzu kowa tsoron kowa yake. Kashin kaji da ake roƙon mutum ya zo ya kwashe, yau a buhu ake sayar da shi, sai ka yi kamun ƙafa. Kara in ka bar shi a gona don ya ruɓe, kafin sati wani ya kwashe ko an sa masa wuta ana farautar gafiya. Gonar haya kuma wa zai kashe kuɗi ya gyara ta, baɗi mai ita ya karɓe?

Abin da na ga yana aiki a tudu, kuma ba ya cin kuɗi, shi ne juyi. Inda na sa masara bana, baɗi waken suya ko gyaɗa. Gonar da wuta-wuta ta addaba ma tana samun sauƙi da haka, don ita ƙasa mara ƙarfi take so.

Malam Tela, in kana son ka damu da ƙasa, ga inda ya kamata ka damu. Takin bola da wasu ke kwasowa daga cikin gari yanzu ba irin na da ba ne, cike yake da leda da fasassun batura. Akwai kuma masu ban ruwa da ruwan kwata da rani. Latas da kabeji da lansir da za a ci ɗanye a wanke su sosai da ruwa mai tsabta. Masara da gyaɗa kuma a guji wadda ta yi fumfuna, don gubarta hanta take ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ni wannan ya fi tsorata ni a kan yuriya.

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Nas, na tambaya a gida, dunƙule huɗu ake sa wa miyar dare, kuma an ce in aka cire yara ba za su ci ba. Mun yi sulhu a kan a riƙa ɗibar mini tawa kafin a sa. Tsawona inci 67 ne, ke nan aikin da ke gabana ya fi inci bakwai. Inna, saƙonki ya isa, ta ce a gaishe ki, amma ta ce zagayen dare sai dai in ni zan riƙe mata ƙaramin. Na Ƙofar Mata kuwa ba zan tanka maka ba, mutumin da ya mayar da gurasa abincin kirki.

Saura tambaya ɗaya ga Baba Malamin Gona. Muna da 'yar gonar gado a ƙauye, ƙanena ke nomawa, masara yake sa mata duk shekara. In ina so in riƙa ci daga cikinta, me zan ce masa ya canza a daminar nan?

Tsohon Malamin Gona, Samaru:

Kada ka ce masa ya daina sa takin zamani, zai yi asara kuma zai daina ɗaukar wayarka. Ka ce ya raba gonar uku: masara, dawa da wake a tsakaninta, sai gyaɗa ko waken suya, kowace shekara su yi musayar wuri. Kuɗin da za ka kashe wajen neman dawa ta musamman ka saya masa awaki biyu ko uku, a turke su, a riƙa zuba musu shara da ragowar harawa a ƙarƙashi, kafin ruwa ya sauka a kwashe a kai ɓangaren masara. Yuriya kuma ya daina watsa ta a sama, ya tona ya binne a gefen shuka, don in tana fili iska ke kwashe rabonta. Iri ya nemi mai kyau a nan Samaru, akwai na dawa da wake da gyaɗa da aka fitar don wannan yanki, akwai ma masara ruwan lemo mai sinadarin bitamin A, in gidanku za su yarda da tuwo mai launi. In akwai ɗan gawo da ya tsiro a gonar, a gaya wa masu huɗa su kauce masa.